Tsirrai 'Yan Goyo: Yadda Ake Renonsu a Gida Ba Tare da Ƙasa Ba

Okid ɗina ta farko, wata shukar fure ce, sati biyar ta yi a hannuna ta mutu, kuma ni na kashe ta. Na saye ta ne wurin masu sayar da furanni a bakin titi a Kaduna, tana cikin 'yar roba garai-garai, babu ƙasa ko ta ɗibar cokali, sai gutsattsarin ɓawon itace. Na ɗauka rowa ce irin ta 'yan kasuwa. Ina isa gida na juye ta cikin baƙar ƙasar lambu, na haɗa mata da takin shanu, na riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Da ganyen ya fara yaushi sai na ƙara ruwan. Ranar da na tumɓuke ta, saiwoyin sun zama kamar taliyar da ta kwana a ruwa. Ashe ita wannan shuka, tun fil azal ba ta san ƙasa ba.

Akwai tsirran da Allah Ya yi musu mazauni a kan reshe. A can suke tsira, a can suke fure, saiwarsu na manne da ɓawon bishiya ko tana reto a iska. Ni 'yan goyo nake ce musu, domin bishiya goya su kawai take yi, ba ta shayar da su. Kada a haɗa su da kauci. Kauci yana huda reshen ɗorawa ko kaɗanya ya tsotse ruwan jikinta, shi ya sa reshen da ya kama yake ƙanjamewa. Ɗan goyo wurin zama kaɗai yake nema, kusa da haske. Abincinsa ruwan sama ne da raɓa da ƙura da kashin tsuntsaye da ruɓaɓɓen ganyen da ya maƙale a gindinsa. Ba su da kaɗan: kusan kashi 10 cikin 100 na manyan tsirran duniya haka suke rayuwa, kuma a cikin nau'o'in okid kimanin 28,000, wajen kashi 70 cikin 100 'yan goyo ne.

Ka tuna yadda reshe yake bayan an ɗauke ruwa: ya jiƙe sharkaf, kafin awa biyu iska ta busar da shi. Wannan jiƙewa da bushewa, jiƙewa da bushewa, shi ne abin da za ka kwaikwaya a gidanka. Duk sauran matakan da ke ƙasa daga nan suka fito.

Mataki na farko: zaɓi wadda za ta iya da garinku

Yawancin waɗannan tsirrai 'yan kurmi ne, inda iska ke ɗauke da laima shekara ɗungurungum. Mai zama a Jos ko kan tsaunin Mambila ya fi samun sauƙi. Mutumin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa sai ya yi zaɓe, domin a tsakiyar hunturu laimar iska kan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100, a bazara kuma zafi ya haura digiri 40.

Wadda na fi ba sabon shiga shawara a kanta ita ce Ansellia africana, okid ce ta nahiyarmu, wadda Hausawan da suka santa ke kira murucin bisa ko manta-uwa. Tana da kara-kara masu kauri kamar ƙananan rake inda take ajiye ruwa, furenta rawaya ne da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa kamar fatar damisa. An sa mata sunan John Ansell, Baturen da ya ɗauko ta a 1841 daga tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko. Tana da wata dabara mai ban sha'awa: bayan saiwoyin da ke riƙe bishiya, tana fitar da wasu farare sirara masu kallon sama, su zama kamar kwando, duk ganyen da ya faɗo su tare shi ya ruɓe ya zama taki. Ta saba da rani, tana son haske sosai, kuma tana yafe mantuwa.

Ta biyu ita ce Phalaenopsis, okid ɗin da aka fi gani a kasuwa, mai faffaɗan ganye kamar harshen sa da fure mai kama da malam-buɗe-littafi. Asalinta kudu maso gabashin Asiya ne, irin su Filifin da Indunusiya da Taiwan. Ba ta da rumbun ruwa, ba ta son rana kai tsaye, saboda haka 'yar ɗaki ce ko baranda mai inuwa.

Sai Platycerium, wadda ba ta fure, ganyenta ne abin kallo. Wata na da ganye mai rassa kamar ƙahon barewa, wata kuma, elephantotis, mai faɗi kamar kunnen giwa. Ita da wata 'yar'uwarta mai suna stemaria duk suna fitowa a dazuzzukan Afirka ta Yamma. Sannan Tillandsia, dangin abarba daga nahiyar Amurka, nau'i wajen 650, wadda da ganye take sha, saiwarta ta riƙo ce kawai. Idan za ka saya, nemi mai ganye toka-toka mai kauri kamar xerographica ko ionantha. Kore shar mai laushi hunturu ɗaya zai gama da ita. Vanda kuwa, wata okid mai saiwoyi tsirara suna reto, kyakkyawa ce ƙwarai, amma a arewa sai wanda ba shi da wani aiki, domin kullum sai an jiƙa ta.

Wajen saye, rabu da furen, saiwa za ka duba. Lafiyayyar saiwar okid tana da tauri, launin azurfa idan ta bushe, kore idan ta jiƙe, kan bakinta kore shar. Mai laushi, baƙa ko wadda ta zama fanko, ta mutu. Ka ɗaga ganye ka leƙa ƙarƙashinsa ko akwai ƙwari. Kuma don Allah kada ka sa yara su ɓamɓaro maka daga daji. Ansellia ta riga ta yi ƙaranci a wurare da yawa saboda irin wannan ɗiba, kuma okid duka suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, wadda ta fara aiki a 1975, saboda haka tsallaka iyaka da su sai da takarda. Ka nemi wadda aka raba daga ta wani mai reno.

Mataki na biyu: wuri

Gabas ya fi ko'ina. Hantsi na farko, daga fitowar rana zuwa ƙarfe tara ko goma, yana yi musu daɗi. Ranar azahar ƙuna ce. Ga gwaji mai sauƙi: da tsakar rana ka miƙa hannu a inda kake son ajiye shukar. Idan inuwar hannun ta fito da kaifi har kana ƙirga yatsu, hasken ya yi wa Phalaenopsis da Platycerium yawa, amma Ansellia za ta iya ɗauka idan an saba mata a hankali. Idan inuwar ta fito dishi-dishi, wurin ya yi. Idan babu inuwa sam, duhu ne, shukar za ta rayu amma ba za ka ga fure ba. Ƙarƙashin mangwaro ko rumfar zana mai 'yan kafofi ya dace. Kada ka rataye su dab da rufin kwano, kuma ka nisanta su da iskar na'urar sanyaya ɗaki. Ka ɗaga su sama yadda akuya ba za ta kai ba ko ta yi miƙe.

Mataki na uku: tukunya, katako, ko bishiya

Nan ne aikin yake. Littattafai da bidiyoyin ƙasashen waje za su nuna maka okid an ɗaure ta tsirara a jikin ɓawo, ta yi kyau kamar hoto. A wurinsu iska na da laima. A wurinmu, Phalaenopsis da aka ɗaure haka sai an jiƙa ta sau biyu ko uku a yini cikin hunturu, ranar da ka yi tafiya kuma shi ke nan. Ita a tukunya za ka sa ta, amma tukunyar da babu ƙasa.

Haɗin da nake yi: kashi biyu na ɓawon kwakwa da aka yanka gutsi-gutsi kamar girman goro, kashi ɗaya na gawayin itace, kashi ɗaya na tsingaro. Ɓawon kwakwa yana riƙe laima, gawayi da tsingaro suna barin kafofin iska. Sai dai ɓawon kan zo da gishiri, saboda haka ka jiƙa shi kwana uku kana sauya ruwan kullum. Gawayin ma ka wanke shi tas, toka na ƙona saiwa, kuma ban da gawayin nan na kwali da ake haɗawa da sinadari. Tukunyar ta zama 'yar daidai, saiwoyi su kusa cika ta. Babbar tukunya tana daɗewa ba ta bushe ba. Idan ta roba ce, ka zafafa ƙusa ka huda gindi da gefe-gefe wuri goma ko fiye.

Ka zare shukar daga tsohon mazauninta, ka wanke saiwoyin, ka yanke matattu da sabuwar reza. Ka riƙe ta a tsakiyar tukunya yadda gindin ganyen ƙasa zai zo daidai da bakin haɗin, ba a binne ba, sannan ka riƙa zuba gutsattsarin kana bubbuga gefen tukunya su zauna. Kada ka danna da ƙarfi. Saiwoyin da suka riga suka saba da iska a waje, ka bar su a waje. Ka jira kwana biyu ko uku raunukan su kame kafin ruwan farko. Ita ma Ansellia haka ake mata, sai dai da manyan gutsattsari, kuma ta fi son kwando ko tukunyar ƙasa mai nauyi saboda tana girma ta yi kan da zai kifar da roba.

Platycerium kuwa katako take so. Ka samo allo mai tauri kamar santimita 30 a kowane gefe, wanda ba a shafa masa maganin gara ko fenti ba. Ka kafa ƙusoshi shida ko takwas a da'ira, ka bar kawunansu a waje. A tsakiyar da'irar ka ɗora jiƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa cikin tafi biyu, ka ɗora shukar a kai. Yanzu ka duba da kyau: a tsakiyarta akwai wani ɗan toho mai gashi-gashi, daga nan ne duk sabon ganye ke fitowa. Tohon ya kasance ta sama, kuma kada zare ya bi ta kansa. Ka ɗauki zaren roba irin na masunta ka riƙa kai shi daga ƙusa zuwa ƙusa kana gittawa ta kan faffaɗan ganyen da ke manne, har sai ka girgiza allon shukar ba ta motsa ba. Wannan faffaɗan ganye zai bushe ya zama ruwan ƙasa kamar tsohuwar takarda. Kada ka ɓare shi. Garkuwar saiwa ce, a bayanta ake ajiye ruwa da taki, kuma sabo zai fito ya rufe shi har da zaren.

Akwai wata dabara da ta dace da mu fiye da kowa: tulu. Ka ɗaure shukar a jikin sabon tulun ƙasa wanda ba a yi wa fenti ba, da ɗan zaren kwakwa a ƙarƙashinta, ka cika tulun da ruwa ka rataye ko ka ɗora a kan murhun duwatsu. Tsattsafowar nan da ke sa ruwan randa ya yi sanyi ita ce za ta riƙa jiƙa saiwa a hankali tana sanyaya ta. Sharaɗin kawai ruwan ya zama mai tsabta, in ba haka ba farin gishiri zai taru a jikin tulun.

Mai son ɗaurawa a bishiya mai rai, ya jira damina ta kankama. Ya zaɓi mai kaushin ɓawo da ba ya saɓulewa, kamar mangwaro ko dabino ko kwakwar manja. Bishiyar turare tana zubar da ɓawonta, za ta zubar har da shukar. A ɗaura ta gefen gabas ko arewa, saiwa ta taɓa ɓawo kai tsaye, a ɗaure tamau da tsummar atamfa ko tsohuwar safa. Idan tana girgiza, sabon bakin saiwa zai riƙa gogewa ba zai kama ba. Bayan wata uku zuwa shida za ka ga ta riƙe da kanta.

Tillandsia ba ta buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. A ɗora ta kan busasshen reshe ko cikin faifai, ko a rataye da zare. Abu ɗaya: kada wayar jan ƙarfe, irin ta cikin wayar lantarki, ta taɓa ta. Guba ce a gare ta.

Mataki na huɗu: ruwa

Ruwan sama ya fi kowane. Idan kana da hali ka tara a durom lokacin damina, bayan ruwan farko ya wanke rufi. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a bokiti. Ruwan burtsatse da na rijiya sai an lura: in yana barin farin tabo a jikin buta, zai bar shi a saiwa ma, bakinta ya yi baƙi ta daina tsawo.

Kada ka tsayar da rana ka ce kowace Juma'a. Shukar za ka tambaya. Saiwar okid na da farin rufi mai kama da soso. Idan ta koma launin azurfa kuma tukunya ta yi sakayau a hannu, lokaci ya yi. Idan har yanzu kore ce, ka ƙyale ta. In za ka ba da ruwa, ka ba da shi da yawa, ya ratsa ya zube ta ƙasa, ko ka tsoma tukunyar cikin bokiti minti goma ka ɗaga ta tsane. Kada ta zauna cikin faranti mai ruwa. Da safe ake yi, don ganye ya bushe kafin dare. A Phalaenopsis, ruwan da ya kwanta a tsakiyar ganye, inda sabo ke fitowa, shi ne ajalinta. In ya shiga ka tsotse shi da gefen tsumma.

Allon Platycerium a sauke shi a tsoma minti 15, a jingine ya tsane, a mayar. Tillandsia a nutsar da ita minti 20 zuwa 30 sau ɗaya a mako, sau biyu a hunturu, sannan a girgiza ta a kife ta kai ƙasa a wuri mai iska. Ya kamata ta bushe cikin awa huɗu. Da dare take buɗe kafofin ganyenta ta shaƙi iska, saboda haka wadda ta kwana a jiƙe kamar an toshe mata hanci ne.

Taki kaɗan ne. Irin wanda ake narkarwa a ruwa, kamar wanda aka rubuta wa 20-20-20 a jiki, rubu'in ƙaramin cokali cikin lita huɗu, sau ɗaya a mako biyu lokacin da shuka ke fitar da sabon ganye ko saiwa. Ka fara jiƙa ta da ruwa zalla kafin na takin, kuma sau ɗaya a wata ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Takin zamani na buhu da ake watsa wa masara, da yuriya, da kashin kaji, kada su kusance ta.

Mataki na biyar: bin shekara

Damina hutu ce ga waɗanda ke jikin bishiya. Na tukunya kuwa a janye su ƙarƙashin rufi idan aka shiga marka ta Agusta, kada su yi kwanaki a jiƙe.

Hunturu shi ne jarrabawa. Ka tattara su wuri ɗaya, domin tsirrai a cunkushe suna riƙe wa juna laima. Ka rataya buhun algarara ta gefen arewa maso gabas, inda iskar ke kaɗowa, ka riƙa jiƙa shi. Ka yayyafa ruwa a ƙasan wurin, ko ka ajiye randa a tsakiyarsu. Ƙura za ta lulluɓe ganye. Na okid a goge da jiƙaƙƙen tsumma, amma na Platycerium da Tillandsia ɗauraya kawai, domin farin gashin nan da ke jikinsu ba datti ba ne, shi ke kare su daga bushewa, kuma in an goge shi ba ya dawowa. Na taɓa dawowa daga aiki na tarar ƙanwata ta goge min ƙahon barewa har yana sheƙi, tana jiran yabo. Kafin wata ya ƙare bakin ganyen duk ya soye.

Amma hunturu na da nasa alherin. Phalaenopsis ba ta fitar da karan fure muddin zafi na sama da digiri 28; sai ta samu makonni na sanyi-sanyi, dare na sauka wajen digiri 16 zuwa 18. Disamba da Janairu suna ba ta wannan kyauta. Ka lura da gindin ganye: abin da ya ɓullo mai zagayayyen baki launin azurfa saiwa ce, mai ɗan faɗin baki kore kuwa karan fure ne. Daga nan kimanin wata uku kafin ya buɗe. Ka kafa masa tsinke ka ɗaure a hankali, kuma ka daina jujjuya tukunyar, in ba haka ba karan zai karkace yana neman haske. Abin lura shi ne furen zai buɗe ne a bakin bazara, saboda haka daga Maris ka mayar da ita ɗaki mafi sanyi a gidan. Ansellia a rage mata ruwa sosai idan karanta ya gama girma. Wannan ɗan horon na rani shi ke sa ta fure.

Ƙwari da cuta

Farin ƙwaro mai kama da auduga da ke ɓuya a hammatar ganye, da wani mai kama da ɗan ɓawo manne, a shafe su da auduga da aka tsoma a sifirit, a maimaita bayan mako. Ganye ya yi fari-fari da 'yar yana a ƙarƙashi, ƙananan gizo-gizo ne masu son bushewa. Wanka da ruwa da ɗan man darbejiya da ɗigon sabulu, da yamma. Kyankyaso da dodon koɗi suna cin koren bakin saiwa da dare, gara kuma tana cin allo ta baya, saboda haka kada katako ya jingina da katangar ƙasa. Baƙin tabo mai laushi a ganye a yanke shi har cikin lafiyayyen wuri, a barbaɗa garin kirfa a kan yankan, amma ban da saiwa, yana busar da ita.

Wuri ɗaya da kowa ke ruɗewa: ganye ya yi yaushi ya tattare. Ƙishirwa na kawo haka, ruɓewar saiwa ma na kawo haka, domin shukar da ba ta da saiwa ba ta iya sha. Kafin ka ɗauko buta, zare ta ka gani.

Raba iri

Kada ka wahalar da kanka da ƙwayar irin okid. Kamar ƙura take, kuma a daji ma sai da taimakon wata funfuna take tsira. Rabawa ake yi. Ansellia a raba ta farkon damina da wuƙa mai tsabta, kowane kashi da kara uku ko huɗu. Phalaenopsis wani lokaci takan haifi 'yar jaririya a jikin karan fure. A bar ta har ta yi saiwa biyu ko uku masu tsawon santimita 5 kafin a yanke. Platycerium na fitar da 'ya'ya a gefen garkuwarta, a yanko da wuƙa har da ɓangaren garkuwar da saiwar da ke baya, idan sun kai faɗin tafin hannu. Tillandsia sau ɗaya take fure a rayuwarta, daga nan ta fara ja da baya a hankali tana fitar da 'ya'ya a gindi. Idan ɗa ya kai sulusi ko rabin uwar, ka riƙe uwar da hannu ɗaya ka murɗe shi a hankali ya ɓalle, ka bar raunin ya sha iska kwana biyu kafin ya ga ruwa. In kuma ka bar su tare, cikin 'yan shekaru za su zama dunƙule guda mai girman ƙwarya, sai dai ka ƙara kula wajen kifewa bayan wanka, domin ruwa ya fi maƙalewa a tsakaninsu.